Abin da tarihin hokin ƙanƙara na Kwalejin Union ya koya mini

A lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin tarihi, malaminmu ya ba kowane ɗalibi aikin rubuta tarihin wata ƙaramar cibiya, sai ni na zaɓi ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Kwalejin Union da ke garin Schenectady a jihar New York ta Amurka. Ban taɓa taka ƙanƙara da takalmin sulɓi ba, don haka sai da na fara koyon wasan kansa: mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, ana kora wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa, ana kuma yin zango uku na minti 20 kowanne. Abin da ya ja hankalina shi ne labarin 12 ga Afrilun 2014, ranar da wannan kwaleji mai ɗalibai kusan 2,000 ta doke Jami'ar Minnesota mai ɗalibai kusan 50,000 da ci 7 da 4 a birnin Philadelphia, ta ɗauki kofin ƙasa na rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma a wasannin jami'o'in Amurka.

Daftarina na farko gaba ɗaya a kan wannan dare ya tsaya. Na bayyana yadda Minnesota, wadda ta riga ta ci kofin sau biyar, ta fara jefa ƙwallo, da yadda Union ta zura uku a cikin ƙasa da minti biyu tun a zangon farko, da rawar da ɗan wasan baya na Union, Shayne Gostisbehere, ya taka har aka zaɓe shi gwarzon gasar. Malamin ya karanta, ya mayar mini da takardun, ya ce abin da na kawo rahoton wasa ne, kuma yana so in gaya masa abin da kwalejin ta yanke game da wannan ƙungiya a shekarun da babu kofi.

Wannan tambaya ce ta mayar da ni shekarar 1975, lokacin da aka buɗe filin ƙanƙara na Achilles a harabar kwalejin, aka kuma ɗauko Ned Harkness domin ya farfaɗo da wasan bayan shekaru masu yawa da barinsa. Harkness ba ƙaramin mai horarwa ba ne, domin ya ci kofin ƙasa da makarantar kimiyya da fasaha ta Rensselaer (RPI) a 1954, ya ci da Jami'ar Cornell a 1967 da 1970, ya kuma horar da ƙungiyar ƙwararru ta Detroit Red Wings. Nan da nan ya tara 'yan wasa masu ƙarfi, nasara ta fara zuwa, jama'ar gari suka cika filin. Amma Union makaranta ce da aka kafa tun 1795, wadda ke alfahari da tsananin sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, kuma malamai da dama sun ga cewa ana neman sassauta ma'aunin karatu saboda wasa. Saɓanin ya yi tsanani har Harkness ya ajiye aiki a watan Disambar 1977, 'yan wasansa kuma suka bi shi suka daina buga wa kwalejin.

A nan na koyi darasin da ya fi wahala a gare ni, wato yin adalci ga ɓangarorin da ba na tare da su a zuciya. Da farko na rubuta malaman a matsayin masu hassada da suka kashe abin da ke tasowa, saboda tausayina yana wajen 'yan wasan. Da na ƙara karatu sai na gane cewa tambayar da suka yi mai nauyi ce: wane ne ke da ikon cewa wannan yaro ya cancanci gurbi, ofishin ɗaukar ɗalibai ko mai horarwa? Har yanzu ina ganin cewa samarin da suka zo daga nesa bisa alkawari su ne suka fi shan wahalar rikicin, amma na daina rubuta labarin kamar akwai mugu guda ɗaya a cikinsa.

Darasi na biyu shi ne kada in tsallake shekarun da ba su da armashi. Union ta hau rukuni na ɗaya a 1991, ta shiga gasar ECAC ta jami'o'in gabashin Amurka tare da irin su Harvard da Cornell da maƙwabciyarta RPI, alhali sauran wasanninta suna rukuni na uku, kuma dokar lokacin ba ta ba ta damar ba 'yan wasa tallafin karatu saboda wasa ba. Ta daɗe tana shan kashi. Nate Leaman ya karɓi ƙungiyar a 2003, ya shafe shekara takwas yana neman yaran da manyan jami'o'i suka raina, waɗanda kuma za su iya da karatun kwalejin, kafin ya koma Kwalejin Providence a 2011. Mataimakinsa Rick Bennett ne ya gaje shi, ya kai ƙungiyar matakin huɗun ƙarshe a 2012, sannan ga kofi bayan shekara biyu, bayan an fitar da Boston College da ci 5 da 4 a wasan kusa da na ƙarshe.

Da na sake rubuta aikin, daren Philadelphia ya koma shafi biyu a ƙarshe, rikicin 1977 da shekarun Leaman suka cinye mafi yawan sauran. Malamin ya karɓa, ya yi mini gyara a wurare uku inda na faɗi abin da ke ran Harkness ba tare da wata hujja a hannuna ba, na kuma cire jimlolin duka ukun.