Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarun Inuvik

A kashin da ya wuce na tsaya ne a maganar da Kawu Babba ya yaɓa mini ranar sallama: "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ko Allah ya kiyaye hanya bai ƙara ba. Zamana na birnin Edmonton a Kanada ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, wankin kwanuka ne da gadi. Wani ɗan Sudan da muka yi haya tare ne ya ce mini in zo Inuvik, can tasi tana riƙe mai ita.

Gari ne na mutum dubu uku da 'yan kai a bakin kogin Mackenzie, can ƙuryar arewacin Kanada. Gwamnati ce ta gina shi a shekarun 1950 don ta kwaso mutanen garin Aklavik da ambaliya ta addaba, amma da yawansu suka ce ba inda za su, suna nan har yau. Masu ƙasar su ne Gwich'in da Inuvialuit. Sauranmu duk baƙi ne, har da turawan.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne gidajen, kowanne a ɗage kan turaku. Ƙasar wurin daskararriya ce tun fil azal, in ɗumin ɗaki ya taɓa ta sai ta narke, gini ya karkace. Don haka ba a binne bututun ruwa. A sama yake bi, cikin dogayen akwatuna da aka naɗe, daga gida zuwa gida, na ruwan sha da na bayan gida. Da daddare kuwa sai ka jona motarka da lantarki, akwai waya a gaban injin da ke ɗumama shi. Wanda ya manta, da asuba ko tari motar ba za ta yi ba. Sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ka yi alwala ka fita gemunka bai bushe ba, kafin ka buɗe ƙofar mota ya zama ƙanƙara.

Wannan ce ƙasar dalar da Yaya yake faɗa. Duk wata sai ya kira: "Kai fa kana inda ake sharar kuɗi." Na sha yi masa bayani, ba ya ji. Hanya ɗaya ce ta haɗa mu da kudu, ta Dempster, sama da kilomita 700 na tsakuwa, kuma sai ta tsallaka koguna biyu. Da rani jirgin fito ke ɗaukar motoci, da hunturu a bi ta kan ƙanƙara. Amma a tsakani, lokacin da ruwa ke daskarewa ko yake narkewa, ba fito ba ƙanƙarar da za ta ɗauki mota, sai a yi makonni komai ta jirgin sama yake zuwa. Madara da kayan miya su yi tsadar da za ka ɗauka ka duba ka mayar. A irin wannan lokacin ne Yaya ya aiko a kawo kuɗin rufin kwano. Na aika. Ko na gode ban ji ba, sai dai labarin cewa Kawu ya ce ai ɗan abin da na turo bai kai a faɗa ba, wanda ya bar gida dama haka yake.

Duhun ya fi sanyin cin rai. Daga farkon Disamba rana takan ɓace kusan kwana 30, sai ɗan ja-ja a sararin sama da tsakar rana. Idan ta leƙo a farkon Janairu, gari duka a fito, a hura wuta, a yi wasan tartsatsi. Shekarar farko dariya na yi musu. Ta biyu ina cikinsu. Da rani kuma ta ƙi faɗuwa har kwana 56, ka rufe taga da baƙin labule ka lallashi barci. Salla da azumi sai dai a bi agogon wani gari da ke da dare da rana, ka sha ruwa rana na dukan gilashin motarka.

A cikin duhun nan ne Inna ta rasu, ko da yake wannan ya zo ne daga baya sosai, bayan na auri uwar 'ya'yana. Kafin in haɗa tikiti an yi sadakar uku. Wata tsohuwa Bagwich'iniya da nake kaiwa asibiti ta ga idona, ba ta tambaye ni komai ba. Kashegari ta miƙo mini safar hannu ta fata da ta ɗinka, ta ce nawa na kanti ba za su kai ni Fabrairu ba. A masallaci aka yi wa Inna salatul ga'ib, Sudanawa da Labanawa da Misirawa a sahu. Masallacin ma baƙo ne: a birnin Winnipeg da ke kudancin Kanada aka ƙera shi a 2010, aka ɗauko shi a babbar mota sannan a jirgin ruwa, tafiyar kusan kilomita 4,000. Daga baya jama'arsa suka buɗe rumbun abinci na taimako, kuma yawancin masu karɓa ba musulmi ba ne. Ranar rabo nakan kai wa tsofaffi nasu har ƙofa.

Kawu dai bai kira ni gaisuwa ba. Ni na kira shi, kamar yadda ya kamata ƙarami ya yi. Na ce, "Kawu, ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ka ga abin da na faɗa maka ko?" Na ce na gani, ranka ya daɗe. Bayan wata biyu ɗansa na uku ya turo mini takardunsa, wai Kawu ya ce in nema masa hanya. Yadda muka ƙare da wannan yaron, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.