Abin da kiɗan Robert Johnson ke koya wa ɗalibin jita

Labarin da ya fi yawo shi ne wai Robert Johnson, mawaƙi kuma makaɗin jita na salon buluz a Amurka, ya sayar wa Shaiɗan ransa a mararraba da tsakar dare, aka biya shi da iya jita. Labari ne mai daɗin ji, amma ba ya koya wa yatsa komai. Son House, wani makaɗin buluz da ya girme shi, ya ce da fari yaron bai iya kiɗa ba, surutu kawai yake yi wa mutane. Sai Johnson ya ɓace ya koma wajen Hazlehurst a jihar Misisifi, inda aka haife shi a 1911, ya zauna gaban wani makaɗi, Ike Zimmerman, yana koyo dare da rana.

Waƙoƙi 29 kaɗai ya bari, an ɗauke su a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27. Sai a 1961 da kamfanin Columbia ya tattara 16 daga cikinsu a faifai guda matasan makaɗan Ingila irin su Eric Clapton da Keith Richards suka rungume shi. Richards ma da ya fara ji, ya ɗauka mutum biyu ne ke kaɗawa.

Nan aikin yake. Babban yatsa ne ke riƙe da tsirkiyoyi masu kauri yana bugawa ba fashi, kamar mai dakan hatsi, sauran yatsu kuma suna amsa wa murya a sirara. A ɗora gefen tafin hannu kaɗan a gindin tsirkiyoyin don a danne ƙararsu. Aka danne da yawa sauti ya mutu, aka saki kuma ya cakuɗe. Mai koyo ya yi mako biyu da babban yatsa shi kaɗai kafin ya haɗa sauran, domin da zarar hankali ya koma kan waƙa, shi ne ke fara tsayawa.

Ga masu kiɗa da wuyan kwalba, wato masu zame shi a kan tsirkiyoyi, a sassauta tsirkiya ta shida (mafi kauri) da ta ɗaya (mafi siranta) daga E zuwa D, ta biyar daga A zuwa G. A zura kwalbar a ƙaramin yatsa, a aza ta daidai saman ƙarfen da ke gicciye a wuyan jita, ba bayansa ba, in ba haka ba sauti ya yi ƙasa. Taɓawa ake yi, ba dannawa ba. Yatsa guda ya riƙa shafar tsirkiya ta bayan kwalbar don kashe ƙarar banza. Siraran tsirkiyoyi da suka kwanta kusa da wuyan jita sukan sa kwalba ƙwanƙwasa ƙarfe.

Kada a dogara ga ƙirgen gaɓa 12 da aka saba gina kowane baiti na kiɗan buluz a kai. Johnson yakan ƙara bugu ko ya rage gwargwadon tsawon baitinsa, saboda shi kaɗai ne, babu mai ganga da zai jira. A rage gudun faifan zuwa rabi, a bi muryarsa.