Taitireshan: daga sodiyam kabonet zuwa kanwar miya

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya kai wannan makon. Taitireshan nake yi, wato sakin asid kaɗan-kaɗan cikin wani ruwa har launi ya canja, don a gano ƙarfin ɗayansu. Na gama tantance ƙarfin asid ɗina na HCl (haidirokulorik), har na fara gwada shi a kan kanwa.

Kafin komai sai da na haɗa ruwan da na san ƙarfinsa daram, wanda zan auna asid ɗin da shi. NaOH (sodiyam haidiroksaid) ba ya yin wannan aikin, don yana zuƙar danshi da iskar CO2. Kana tsaye ƙwayoyinsa za su fara jiƙewa a kan sikeli, lamba na ta hawa. Busasshen Na2CO3, wato sodiyam kabonet, shi ne abin dogaro. Nauyin mol ɗinsa (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) giram 106 ne, saboda haka giram 1.325 a cikin cm3 250 na tataccen ruwa ya ba ni 0.05 mol/dm3. Na ɗebi cm3 25 da fifet (bututun gilashi na ɗiban ruwa daidai awo) na zuba a kwalba, na sa ɗigo biyu na metil oranj (sinadarin alama mai canja launi), na riƙa sakin asid daga buret (dogon bututu mai lambobi da famfo) har launin ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo. Kada a bari ya yi ja, an wuce gona da iri ke nan. Mol biyu na asid ke cinye mol ɗaya na kabonet, don haka in asid ɗin 0.1 mol/dm3 ne, wajen cm3 25 zai ci.

Lissafin ba shi da wuya. Hannu da ido su ne aikin. A ɗauraye buret da asid ɗin da za a zuba, fifet da ruwan da za a ɗiba, kwalbar da ake juyawa kuma da tataccen ruwa kaɗai. A kori kumfar da ke maƙalewa ƙarƙashin famfon buret. A sunkuya ido ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin a karanta. Farar takarda a ƙarƙashin kwalba tana fito da launi sosai.

Kanwa ce ta fi ba ni sha'awa, domin kabonet da baikabonet ne a haɗe cikinta, ga yashi da ƙasa. Na daka ta, na auna, na narkar, na tace. A nan alama ɗaya ba ta isa ba. Finolftalin, wata alamar mai ba da launin hoda, ake fara sawa: launin hoda na ɓacewa, kabonet ya koma baikabonet, wato rabin tafiya. Sannan a ƙara metil oranj a ci gaba. Idan asid na zangon farko V1 ne, na biyu V2, to kabonet ya ci 2V1, baikabonet na asali kuma V2 a cire V1.

Ɓacewar hodar nan fa a hankali take zuwa, ba farat ɗaya ba, shi ya sa V1 ke yawo. Mako mai zuwa zan ajiye kwalbar ruwan baikabonet zalla mai finolftalin a gefe don kwatanta launi, sannan in gwada farar kanwa da ja.