Kafin ka ce za ka haɗa kujera, fara haɗa akwati

Ina da ƙaramin shagon kafinta, ni da yara kaɗan da ke aiki a hannuna. Muna yin gado, kabad, teburin karatu, kanta da ƙyauren ɗaki, muna kuma karɓar gyara. Kafintoci da yawa ba sa son gyara saboda wahalarsa ta fi ribarsa, amma ni ba na mayar da shi, don a nan ake ganin inda aiki yake mutuwa. Sabon tebur ba ya gaya maka komai, yana sheƙi kowa na yabo. Sai ya shekara biyu ana jan sa, ana jingina da shi, yara na hawa, sannan asirin wanda ya haɗa shi yake tonuwa.

Cikin kayan gyaran nan akwai waɗanda masu su ne suka haɗa da hannunsu a gida. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya sayo katako da ƙusoshi, ya yi benci ko kantar littattafai, bayan 'yan watanni ya ɗauko ya kawo mana yana ɗan jin kunya. Ba na yi musu dariya, kuma na hana yarana yi. Abin da na lura shi ne, da wuya ka ga katakon ya karye a tsakiya. Ko dai mahaɗar ce ta saki, ko an yi aikin da ɗanyen katako, ko kuma tun farko kusurwar ba ta tsaya daidai ba. Duk ukun kuwa ba tsadar kayan aiki ke magance su ba.

Shi ya sa duk wanda ya zo ya ce min, “Maigida, ina so in fara ɗan taɓa aikin katako a gida, da me zan fara?” amsata ɗaya ce: haɗa akwati. Wasu sai su ɓata fuska, don su kujera mai majingina suke hange. To amma ka dubi ɗakinka da kyau. Kanta akwati ce da aka tsayar a gefenta aka sa mata hawa-hawa. Kabad akwati ne mai ƙyaure. Durowa akwati ce da ke shiga cikin wani akwatin. Teburin gefen gado akwati ne a kan ƙafafu. Wanda ya iya haɗa gefe huɗu da gindi suka tsaya cak, ya riga ya iya yawancin kayan ɗaki, saura girma kawai.

Akwatin farko yana koya maka lissafin da ba wanda yake tuna shi sai ya gani da idonsa. A ce kana son faɗinsa ta waje ya zama santimita 40, kaurin allon kuma milimita 18. Allunan da za su shiga tsakanin gefuna biyu ba 40 za ka yanka su ba, 36.4 ne, don gefunan sun riga sun cinye 3.6. Haka ma zarto yana da nasa rabon: na hannu yana cin kamar milimita ɗaya, na lantarki mai zagaye kusan uku. Saboda haka ba a kan layin fensir ake yanka ba, a gefensa ne, ta ɓangaren da za a yar. Kuma kada ka yarda da sunan girman katako, ka sa tef ka auna. A Amurka, wanda suke kira inci biyu da huɗu ainihin girmansa milimita 38 da 89 ne, bai kai sunansa ba, kuma ko'ina ka je akwai irin wannan ragin bayan an busar an goge.

Idan ka haɗa gefunan huɗu, tun gam bai bushe ba, ka auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, ka sake auna ɗaya karkatar. In awon biyu ya zo ɗaya, akwatinka ya tsaya. In ɗaya ya fi tsawo, ka matsa kusurwoyinsa a hankali har su daidaita, sannan ka buga bayan. Wannan siririn allon na baya da mutane ke rainawa, shi ne ke riƙe da komai. Nakan sa sabon yaro ya dafa saman kanta marar baya ya tura ta gefe da yatsa biyu. Sai ya ga ta langaɓe tana ƙara, kusurwoyin na buɗe baki. Mu buga mata filawud mai kaurin milimita shida kacal, in ce sake turawa. Ya tura da ƙarfinsa duka ba ta motsa ba. Daga ranar ba na sake yi masa bayanin.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto mai kaifi, tef, sikwaya ta duba daidaiton kusurwa, fensir, guduma, sukundireba, injin huda, gam da samfefa. Sai kilam, ƙarfen da ke matse allo biyu har gam ya kama. In kuɗinka bai kai ka sayi komai lokaci ɗaya ba, ka sayi kilam huɗu kafin ka yi tunanin zarton lantarki. Inji yana ƙara sauri ne kawai, kuma a hannun wanda bai saba ba, saurin ɓata katako da yatsu yake ƙarawa.

Maganar katakon kansa ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, don nan ne mai koyo ke yin asara ba tare da ya san dalili ba. Itace ko an sare shi bai daina motsi ba. Yana shan laima daga iska yana kumbura, yana sakin ta yana tsukewa, kuma wannan motsin a faɗinsa yake, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ɗanyen allo mai faɗin santimita 30 yana iya rasa fiye da santimita ɗaya kafin ya gama bushewa. Ka ɗauka an yi saman tebur da irinsa, an ɗaure shi tamau da sukuru ta ko'ina. Allon zai nemi tsukewa, sukurun su hana shi, sai ya tsage daga baki ko ya lanƙwashe ya koma kamar kwale-kwale. Mai teburin sai ya ce an cuce shi da katako marar kyau, alhali katakon bai yi laifi ba, gaggawa aka yi masa.

Ɗanyen katako ba ya ɓuya. Yana da nauyi fiye da girmansa, in ka dafa shi za ka ji sanyi, dusarsa tana dunƙulewa a haƙoran zarto maimakon ta zube. In shi ka samu, ka jera shi a inuwa inda iska ke wucewa, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda laima da gara, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane allo da na samansa, ka ɗora nauyi a kai. Kada ka shanya shi a rana, fatarsa za ta bushe ta bar cikin, ya tsattsage. Ko busasshe ka sayo, bar shi ya yi mako ɗaya ko biyu a ɗakin da zai zauna kafin ka sa masa zarto. A wurin saye kuma ka ɗaga bakin allon zuwa idonka ka hango tsawonsa; lanƙwasa da murɗiya nan take za su bayyana. Wanda ya murɗe, bar musu abinsu.

Ga mai farawa, ni filawud nake zaɓa masa. Siraran yanka ne na itace aka manna, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa, shi ya sa ba ya motsi kamar allon itace zalla. Yana zuwa a girman ƙafa huɗu da takwas, wato santimita 122 da 244, kuma falle ɗaya mai kaurin milimita 18 ya ishi ƙaramar kanta har da saura. MDF kuwa, wanda garin katako ne da aka matse da gam, yana shan fenti da kyau, amma ruwa na taɓa shi zai kumbura ba ya komawa, kuma bakinsa ba ya riƙe sukuru. Kada a kai shi kicin ko banɗaki. Masu son yin aiki da katakon falet da ake ɗora kaya a kai su duba hatimin jikinsa: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa hayaƙin guba aka yi masa, wannan ba na cikin gida ba ne.

Sai mahaɗa. Farin gam na katako, in an shafa shi a gefe da gefe aka matse da kyau, mahaɗar takan fi itacen ƙarfi. In ka fasa ta da gangan, katakon ne zai yage ya bar layin gam. Amma a bakin allo, inda aka datse jijiyoyin, gam ba ya kamawa sosai, ramukan itacen ne ke shanye shi. Can dole a taimaka masa da sukuru ko turakun katako. A bar kilam ya yi kamar awa ɗaya, kada kuma a ɗora wa aikin nauyi sai ya kwana. Sukuru kusa da baki, a fara huda masa rami siriri, in ba haka ba zai tsaga allon. Ƙusa zalla ba ta da laifi a akwatin ajiye kaya, amma duk abin da za a zauna a kai yana girgiza, ƙusa kuma girgiza ke zare ta kaɗan-kaɗan.

Bayan akwati, kanta. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tsawo. Allo mai kaurin milimita 18 da za a jera wa littattafai, kada tazarar da ke tsakanin matokaransa ta wuce santimita 75 zuwa 80. Lissafin ba ya tafiya yadda ido ke zato: nauyi ɗaya, in ka ninka tsawon sau biyu, lotsawar sau takwas take ƙaruwa; in kaurin ka ninka, sau takwas take raguwa. Shi ya sa ɗan siririn katako da aka manna a tsaye a bakin gaban kanta yake yin aikin da ya fi girmansa.

Daga nan benci ko ƙaramin tebur. Ƙafafu huɗu da aka ɗaure da saman kai tsaye ba za su daɗe ba. Suna buƙatar ɗamara, wato allunan da ke zagaye su ta ƙarƙashin saman, in da hali kuma da sanda ta ƙasa. Tsayin teburin cin abinci ko karatu kamar santimita 75 ne, mazauni kamar 45, tazarar da ke tsakani ita ce wurin cinya. In ƙasan ɗakinka ba ta kwanta daidai ba, yi kujerar tsugunno mai ƙafa uku, ba ta taɓa yin gurguntaka ko a ina aka ajiye ta.

Kujera mai majingina ita ce ta ƙarshe, ko a shago ba na ba yaro ita da wuri. Mutum yana jingina, yana ɗaga ƙafafun gaba, duk nauyinsa yana sauka a mahaɗa biyu na baya, kuma kusurwoyinta ba a miƙe suke ba. Wanda ya matsu sai ya yi, akwai hanya mai sauƙi. A 1934 wani mai zanen kayan ɗaki ɗan ƙasar Holan, Gerrit Rietveld, ya fito da kujera da aka yi da alluna irin na akwatin ɗaukar kaya, ana sayar da ita a warwatse mai saye ya ɗaura da kansa. A 1974 kuma Enzo Mari na Italiya ya fitar da zanen tebura da kujeru da kowa zai iya haɗawa da allo, guduma da ƙusa. Ba su da laushin zama kamar na shago, amma suna tsayawa, don an ɗora allunan ne a kan juna da faɗi maimakon a haɗa su baki da baki.

Gogewa ba ta da wani sirri sai haƙuri: samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 180, kullum a bi jijiyar katako, don zanen da aka yi a gicciye sai an shafa banish yake fitowa fili. A rufe hanci. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma, wato man da ake shafa wa katako, kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A baje shi a waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa.

Wani abokin sana'a ya taɓa ce min ina koya wa mutane abin da zai rage mana ciniki. Ban ga haka ba. Wanda ya taɓa haɗa akwati da hannunsa shi ne ba ya gardama idan na ce masa katakon gadonsa sai ya ƙara bushewa, kuma shi ne ke juya tebur ya duba ƙasansa kafin ya biya. Irin wannan mai sayen nake so.

Abu biyu ne dai nake tsayawa a kansu. Duk kanta ko durowa mai tsayi, ta shago ce ko ta gida, a ɗaure ta da bango ta sama, don yaro na jan durowa ya taka, sai ta rufto masa. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka saboda wannan haɗarin. Na biyu, gadon jariri da gado mai hawa biyu ba aikin koyo ba ne. A gadon jariri, tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta wuce santimita shida, in ta wuce jikinsa zai iya zurarewa kansa ya maƙale. Wanda ya zo min da zanen irin wannan gadon yana neman in yanka masa katako ya je ya haɗa a gida, nakan ce masa ya zo shago mu haɗa tare, ya riƙe kilam ni in auna.