Daƙiƙa shida, da rodi a hannuna

Laraba, ƙarfe goma da rabi na dare.

Har yanzu kunnena na hagu bai daina ƙara ba. Wani siririn sauti ne, kamar sauro ya maƙale a ciki yana kuka. Babu wuta tun la'asar, da ɗan guntun cajin da ya rage a waya nake wannan rubutu, don haka bari in zuba abin da ya faru tun da ɗuminsa.

Gari ya waye da zafi mai danƙo, irin wanda kana goge ruwan wanka zufa na biyo baya. Ko ganye ba ya motsi. Maman yara ta yi shanya tun da hantsi, amma har azahar kayan da laimarsu. Wajen ƙarfe uku na ɗaga kai na ga gajimare ya fara tsiri, samansa fari fat kamar tulin auduga, gindinsa baƙi ƙirin. Kafin wani lokaci kansa ya baje ya yi faɗi kamar maƙera. Wanda ya saba kallon sama ya san irin wannan ba mai wucewa ba ne. Tsayinsa kan haura kilomita 10, kuma can ƙololuwarsa sanyi ne mai daskarar da ruwa, mu kuwa nan ƙasa muna narkewa. A can ne gutsattsarin ƙanƙara ke gogar juna, iska tana cilla marasa nauyi sama, masu nauyi suna gangarowa, har lantarki ya taru ya rasa inda zai sa kansa.

Sai ga iska. Da farko wani sanyi mai daɗi ya ratsa tsakar gida, bayansa ƙura da ledoji da buge-bugen ƙofofi. Aka yi ta guje-gujen kwashe shanya. Rigata guda ta haura katanga, har yanzu ban san gidan wa ta sauka ba.

Auta, mai shekara takwas, ba ta jure cida. Tun rugugin farko ta zo ta ƙanƙame ni.

"Abba, za ta faɗo mana?"

Na ce ta zo bakin taga in koya mata dabarar sanin nisanta. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato da walƙiya ta wulga ka gan ta. Sauti kuwa a kansa hawainiya ne, bai wuce mita 343 a daƙiƙa ba. Kenan idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ne tsakaninku. Muka ƙirga ta farko tare, ashirin da huɗu. Kilomita takwas. Ta gaba sha biyar. Tsoron ya koma wasa, har yayanta ya ajiye littafi ya shigo ciki suna gardamar wa ya ƙirga daidai.

Ni kuwa na samu masu sauraro, sai na gyara zama na buɗe aji. Na gaya musu ƙa'idar da masana yanayi ke bayarwa: matuƙar ƙirgarka ba ta kai talatin ba, kana cikin da'irar da aradu ke iya kaiwa, ka shiga ɗaki, kada ka fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Ba a fakewa gindin bishiya. Ba a wanka, ba a taɓa famfo, domin lantarkin kan bi bututun ƙarfe da ruwa. Yaron ya tambaya ko gaskiya ne waya na jawo tsawa. Na ce ita wayar hannu ba ruwanta, igiyar cajin da ke jone da bango ce abin gudu. Na tashi na bi soket ɗaya bayan ɗaya na zare komai, ina jin kaina wani babban malami.

Ruwa ya ɓalle. Babu yayyafin sallama, kawai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rufin kwano ya ɗauki ganga har sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka. Silin ɗin falo ya fara ɗiga a wurin da ya saba, aka tara baho. Ƙirgar Auta ta sauko tara.

A nan ne abin kunyar ya soma. Mako biyu kenan maman yara tana yi mini maganar kwatar tsakar gida, wai ganye da leda sun cushe bakinta. Kullum amsata ita ce gobe. To yau goben ta zo da kanta. Cikin minti ashirin tsakar gida ta zama tafki, takalman yara suna yawo a kai, ruwa ya kawo dokin ƙofa saura yatsa biyu ya tsallako kan kafet. Ban yi shawara da kowa ba. Na naɗe wando, na ɗauko wani rodi mai tsayin mutum da ke jingine bayan ƙofa, na faɗa cikin ruwa ba takalmi.

"Abban Auta, ina za ka a wannan hali?"

"Minti ɗaya kawai."

Ina jiyo muryar Auta daga taga tana kwaɗa mini rahoto: "Abba, shida!" Kilomita biyu. Na ji ta sarai. Abin da zuciyata ta raya mini shi ne kilomita biyu ai da sauran tafiya, kamar aradu mota ce da sai ta biyo titi ta iso. Alhali tsakanin inda ta faɗa yanzu da inda za ta faɗa nan gaba ana iya samun kilomitoci da yawa, kuma ni da bakina na gargaɗi yaran ɗazu-ɗazun nan.

Ina sunkuye ina zungurar kwata, ruwa har ƙwauri, duniya ta yi fari. Ba haske ne da ka gani daga wani gefe ba, ko'ina ne lokaci guda, har na ga kowane ɗigon ruwa tsaye cak a iska. Babu abin ƙirgawa, domin ƙarar tare suka zo. Ba ruguguwa ta yi ba, tsagewa ta yi, kamar an yage sama daga bisa har ƙasa, na ji ta a haƙarƙarina kafin kunnena. Wani abu ya tsarga mini daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, irin jan da soket mai matsala ke yi amma ya fi shi nesa ba kusa ba. Ban san lokacin da na saki rodin ba. Na dai tsinci kaina durƙushe a baranda, hanci cike da wari kamar na wayar da ta ƙone, bakina yana ta maimaita innalillahi ba tare da na sa shi ba.

Maman yara ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo ni ciki, ta duba tafin ƙafafuna da tocila, ta miƙo tawul, sannan ta ce a hankali, "Malam mai ƙirga." Auta kuwa kuka take tana cewa ita ce ba ta ƙirga da kyau ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Abin dariya, zungurar ta yi aiki. Kwata ta buɗe, ruwa ya zuƙe yana gurnani.

Da ruwan ya ɗauke, bayan mun cika minti talatin ɗinmu har da ƙari (wannan karon ba wanda ya yi musu), na leƙa waje. Doguwar bishiyar da ke bayan katangarmu ce ta karɓa, bai fi taku arba'in daga inda na tsaya ba. An feɗe mata ɓawo daga sama har gindi, tsiri guda mai faɗin tafin hannu, farin itacen a fili kamar ƙashi. Gutsattsarin ɓawon har bakin ƙofarmu. Hanyar da aradu ta bi kan yi zafin da ya kai kusan digiri 30,000, wajen ninki biyar na fuskar rana. Ruwan jikin bishiya ya zama tururi nan take, ya fasa ɓawon ya fita. Iskar da ke kewaye ma haka take kumbura farat ɗaya, ita ce ƙarar da muke kira tsawa.

A gindinta akuyoyi biyu na dattijon maƙwabcinmu suna kwance. Fakewa suka je yi. Babu ƙuna, babu jini, kamar barci. Ya tsaya kansu da lema a hannu ya kasa cewa komai.

"Sannu Baba. Allah Ya mayar da alheri."

"Amin, ɗana. Ka ga ko taɓa su ba ta yi ba."

Ta taɓa su, ta ƙasa ta biyo. Idan aradu ta sauka, lantarkin kan bazu a doron ƙasa, ya hau ta wata ƙafa ya sauka ta wata, kuma gwargwadon tazarar ƙafafu gwargwadon abin da zai ratsa jiki. Dabba mai ƙafa huɗu ta gabanta da ta bayanta sun yi nisa, zuciyarta kuma tana tsakani. Haka aka yi a Norwe a watan Agustan 2016, inda aka tarar da barewar ƙasashen sanyi 323 a mace wuri guda bayan hadari. Sauran abin da ya kashe akuyoyin nan ne ya iso ƙafafuna ta cikin ruwa. Ban faɗa wa Baba wannan ba.

Jikansa ya ƙi matsowa ya kama, wai kada wutar ta ja shi. Na sa hannu na fara ɗagawa don ya gani. Jikin da aradu ta bi ba ya riƙe lantarki, na dabba ko na mutum. Kusan tara cikin goma na mutanen da ta samu suna rayuwa, kuma wanda zuciyarsa ta tsaya abin da yake buƙata shi ne a hanzarta danna masa ƙirji, ba a yi cirko-cirko ana tsoron taɓa shi ba.

Da na dawo na ɗauki rodin nan daga tsakar gida, sai masanin kimiyyar nan Ba'amurke, Benjamin Franklin, ya faɗo mini a rai. A shekarun 1750 ya kawo dabarar kafa sandar ƙarfe a kan gini a ja mata waya har cikin ƙasa, don aradu ta bi nan ta bar gidan. Yau na kusa yin kwatankwacin aikinsa, sai dai ni ne wayar.

Wani gwangwanin fenti da aka bari a fili ya tara ruwa kusan santimita 5, wato milimita 50. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kowace murabba'in mita, rufinmu da tsakar gida kuwa za su kai murabba'i 200. Lita 10,000 kenan, duro hamsin, a cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, duk ta bakin kwatar da nake cewa gobe.

Talabijin ma da alama ta tafi. Na zare ta daga soket amma na manta wayar eriya, bayanta yana warin ƙuna. Sai an kawo wuta za a tabbatar.

Yanzu gari ya yi luf, sai kwaɗi da suka cika unguwa da ƙara. Can nesa ana ta walƙiya marar sauti. Ɗazu na leƙa ɗakin yara, Auta ba ta yi barci ba, ta juya fuska taga tana motsa baki. Ta ce ta kai hamsin da biyu ba ta ji komai ba, ko ta ci gaba? Na ce ta bari haka, wannan ta yi nisa. Ta ce in zauna dai mu ga ta gaba.

Na zauna.