Damina biyu da waken Samaru

Kawuna ne ya fara tare ni, tun ban kwance bakin ledar irin ba. "Ɗana," in ji shi, "waken da tsutsa za ta ci ta mutu, shi za ka dafa wa iyalinka?" Ban da amsa a ranar. Abin da na sani kawai, daminar da ta gabata sai da na goya tankin feshi sau bakwai a gonar wake, duk da haka da aka zo roro rabin kwanson a huje yake.

Irin da ke cikin ledar shi ne SAMPEA 20-T, waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta a Najeriya, ta amince da shi a 2019, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. Yana cikin irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, waɗanda ake ta cacar baki a kansu. An sa masa wata ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, don ya kare kansa daga tsutsar Maruka, wadda ke shiga fure da kwanso ta ɓuya inda feshi ba ya kai mata. A muguwar shekara takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfani.

Na raba gonar biyu, gabas sabon iri, yamma kananadonmu na gado. Kwana arba'in da 'yan kai sabon ya yi fure, kuma furen ya tsaya bai zube ba. In ka ɓare kwanso, fes. Nan daɗi ya ɗebe ni. Malamin gona ya ce a yi feshi sau biyu, ni kuwa na ce wake mai maganin kansa me zai yi da feshi? Na rataye tanki a zaure.

Ashe waken tsutsa ɗaya ya sani. Ƙwarin nan masu tsotse kwanso ba ruwansu da Bt, haka ƙananan da ke cin fure. Kafin in farga, kwanso da yawa sun yamutse, ƙwaya ta shanye. Na yi asarar da ba ta da dalili, kuma laifina ne, ba na irin ba. Damina ta biyu na yi feshin nan biyu a kan kari, ɗaya lokacin fure, ɗaya da kwanso ya fara cika, na kwashe wake cikin kwana saba'in da 'yan kai, tun makwabta ba su fara roro ba. Kuɗin magani biyar ya zauna a aljihuna, bayana ma ya huta. Wanda bai taɓa kwana da jiri da raɗaɗin ido bayan feshi ba, ba zai gane darajar wannan ba.

Amma akwai abin da masu tallar irin ba sa faɗa a rediyo: harawa. Sabon waken a tsaye yake, ba ya yaɗo kamar kananado, kuma ya nuna ruwa bai ɗauke ba, shanya ta zama aiki. Da rani ya tsaya, harawar ɓangaren yamma ce ta riƙe mini tumaki. A kasuwa ma mai sayen wake manyan ƙwaya yake fara dubawa. Uwargida dai ta yi ƙosai da alala da shi, ba wanda ya ce uffan, har Kawu, wanda bai san da wanne aka yi ba sai da ya sha ruwa.

Daga baya na samo masa amsarsa. Sinadarin Bt da ke cikin waken yana aiki ne a hanjin tsutsa, wanda yanayinsa ya sha bamban da cikin mutum, kuma an shafe shekaru da dama ana fesa Bt ɗin kansa a gonaki a matsayin maganin ƙwari. Na kuma tuna masa cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, ba don an sauya masa halitta ba, sai don fiya-fiyar da ake zuba masa a ajiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, irin fa? Gobe in masu sayar da shi sun riƙe, ina za ka?"

Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce masu adawa irin su Nnimmo Bassey na ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF suke ta nanatawa. Wake yana haɗa kansa da kansa a fure, saboda haka wanda na ajiye na shuka ya fito lafiya. Zancen cewa ba ya tsira karo na biyu ban gan shi a gonata ba. Masara kuwa daban. Masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa halitta aka fitar a farkon 2024, 'yar aure ce, wato an haɗa iri biyu ne aka samar da ita, kuma duk masara 'yar aure, an sauya mata halitta ko ba a sauya ba, ƙarfinta raguwa yake in ka maimaita. Kowace shekara sai ka koma wurin mai sayarwa. Kuma ba a manta da Burkina Faso ba, inda aka rungumi audugar Bt, sannan aka watsar da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi. Da Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da irin da aka sauya wa halitta a yi bincike a 2024, ban ga laifinsu ba, sai dai na so a ce an zo an tambayi masu goya tanki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Ƙanena ya sayi "waken Samaru" a mudu, ranar kasuwa, wurin wani da ya rantse masa. Tsutsa ta yi masa kaca-kaca, yanzu ko sunan irin ba ya son ji. Da ido ba ka bambance su, sai leda mai hatimi daga dillalin da aka sani.

Bana ma raba gonar zan yi. An ce barin waken gida kusa yana hana tsutsar saba wa sabon irin, ni kuma ina da tumaki. Kananadon da Kawu ya ba ni yana cikin buhu mai ruɓi uku, a ɗakin uwargida, ba fiya-fiya ko ɗigo.