Gashin da Hankaki Suka Ara wa Gizo

Shekarun da na yi ina koyar da adabin Hausa a wata makarantar sakandare a Gombe sun sa na sake kallon jigon kwaɗayi da arzikin dare ɗaya. A farkon aikina, duk lokacin da na tambayi ɗalibai darasin da ke cikin labarin wani makwaɗaici, amsa ɗaya suke bayarwa, wato kwaɗayi mabuɗin wahala, ni kuma sai in ba su maki. Na daɗe kafin in gane cewa mun tsaya ne a kan hukuncin da ke ƙarshen labari, mun tsallake tsakiyarsa, inda halin mutumin yake sauyawa.

Tatsuniyar Gizo da hankaki ce ta fara buɗe mini ido. Hankakin nan kowanne ya ciro gashinsa ya ba Gizo don ya iya tashi zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, amma da isarsa sai ya riƙa hana su 'ya'yan ɓauren yana cewa nasa ne, har suka fusata suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Wata ɗaliba ce ta ce mini, “Malam, ai tun kafin ya hana su ɓauren ya riga ya manta cewa gashin na aro ne.” Wannan magana ta zauna mini, domin ita ce ainihin abin da Suratul Ƙasas ta nuna game da Ƙaruna, wanda da mutanensa suka yi masa nasiha sai ya ce iliminsa ne ya ba shi dukiyar. A ganina, abin da dukiya take fara taɓawa shi ne labarin da mutum yake ba kansa na yadda ya same ta. Da zarar ya cire sunayen waɗanda suka tallafe shi daga labarin, yanke zumunci ba ya yi masa nauyi.

Surar ta kuma ambaci waɗanda suka ga Ƙaruna cikin adonsa suka yi fatan samun irin nasa, kuma wannan ɓangaren ya fi damuna. Marubutanmu na bayan kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na shekarun 1970 sun lura da shi sosai. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya nuna yadda kuɗin fasa-ƙwauri yake sayen bakin ma'aikata da girmamawar jama'a, har mai kuɗin ya rasa wanda zai ce masa ya bari.

Ɗalibaina ba sa bukatar dogon bayani a nan. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gonakin bakin gari suka riƙa komawa filayen gini masu tsada, kuma da yawansu sun ji labarin gonar gado da aka sayar, 'yan uwa suka daina gaisawa. Saboda haka na sauya tambayar da nake yi musu. Yanzu nakan ce su nuna mini wurin da tauraron labari ya daina cewa “mu” ya koma cewa “ni”, su kuma faɗa mini wanda yake kusa da shi a lokacin amma ya yi shiru.